Diga da Kwanon Sarki: Tarihin Leburorin Kuza

A ƙasar Karaye da Rogo ba a taɓa kafa wata babbar masana'anta mai dogon bututun hayaƙi ba. Ƙasar noma ce: dawa da gero da masara, auduga da gyaɗa, rake a fadamu, sai kamun kifi da noman rani da suka ƙaru a garin Turawa da kewayensa tun da aka gama madatsar ruwan Challawa a 1992. Wanda ya dubi wannan zai zaci zamanin masana'antu, wanda ya ci rayukan talakawan Ingila a ramukan kwal da masaƙu, ya bi ta gefe ya wuce mu. Ai kuwa ya same mu har gida. Ta hannun mai karɓar haraji ya shigo, ya ɗebi samari daga ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau, ya kai su inda ake neman wuya da ƙashin baya: shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, dakon buhunan gyaɗa, da kuma wanda ya fi su duka cin jiki, wato haƙar kuza a tsaunukan Jos.

Kuza ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tun kafin Bature ya iso, mutanen Riruwai, can kudu a ƙaramar hukumar Doguwa ta yanzu, suna wanke ta daga yashin rafi, su narka ta da gawayi da zugazugi, su zuba ta a zubin siraran sanduna, fatake su ɗauka su kai kasuwanni. Wasu daga cikinsu sun ƙaura sun kafa Riruwen Dalma a ƙasar Bauchi, suka ci gaba da sana'ar. Aiki ne mai wuya, amma mai shi ne ke yanke wa kansa ranar da zai shiga rafi da ranar da zai huta, kuma abin da ya samu nasa ne. Waɗannan siraran sanduna ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka riƙa gani a kasuwannin bakin Binuwai, suka yi ta bin sawu suna tambayar inda suke fitowa.

Tsakanin 1902 da 1904 suka gano tushen. Wani injiniya mai suna Laws, wanda daga baya aka fi sani da Kanar Laws, ya hau tsaunin Jos da rakiyar soja, ya kafa sansani a Naraguta. Mutanen tsaunin ba su ba da ƙasarsu da daɗin rai ba, da bindiga aka karɓe ta. Zuwa 1910 labarin kuzar Nijeriya ya cika kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni suka yi ta tururuwa suna yankar fili. Doka ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. Akwai kuma wata yarjejeniya da aka ƙulla lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, wadda ta ba kamfanin rabin kuɗin da za a karɓa kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Masu narkar Riruwai, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, sai suka wayi gari wurin haƙarsu yana cikin takardar wani, kuma cikin 'yan shekaru wutarsu ta mutu.

A shekarun farko babu jirgin ƙasa, babu mota. Kuzar da aka haƙa a Naraguta a kan mutum take tafiya har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kusan mil 200, sa'an nan a zuba ta a jirgin ruwa. Injinan da za a hau da su tsaunin ma haka: a kwance su gunduwa-gunduwa, 'yan alaro su ɗora a ka. Mutum ya yi kwana da kwanaki yana tafe da kaya a kan gammo, ƙafa babu takalmi, ta cikin daji da duwatsu da rafuka. Wanda ƙafarsa ta kumbura ko zazzaɓi ya kayar a hanya, ayari ba ya jiransa.

Don a rage wannan tsada ne, ba don tausayin 'yan alaro ba, aka matsa a kan hanyar jirgi. A zamanin Gwamna Girouard aka fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya ratsa Dangora da Yako a ƙasar Kiru, maƙwabciyar Karaye, ya iso Kano a 1911. Dubban mutanen da suka sare daji, suka fasa dutse, suka tara ƙasar da aka ɗora ƙarfen a kai, ba da kansu suka kawo kansu ba. Razdan zai gaya wa sarki yawan da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya aika wa masu unguwa. Ana biyan 'yan kwabbai, amma babu mai ikon cewa ba zai je ba. Abin ya girgiza mutane har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kansa, wadda aka sani da Waƙar Diga. A 1914 kuma aka kai wani ƙaramin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, musamman don kuza. Daga nan hanyar tsaunin ta buɗe wa duk wanda talauci ya koro.

Abin da ya riƙa koro su shi ne haraji. Da can manomi yana iya biyan abin da ke kansa da wuri ko da dami. Turawan mulki suka ce sai da kuɗinsu, sule da sisi da taro. A ƙasar Kano har gonaki aka riƙa aunawa da taki ana yanka musu kuɗi. Wanda gyaɗarsa ko audugarsa ta yi kyau ya biya ya huta. Wanda fari ko fara ta cinye masa gona, ko wanda yake ƙarami a gandu ga shi yana son aure, ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. Cin rani tsohuwar al'ada ce: a gama girbi, a ɗaure dawa a rumbu, samari su fita don a rage bakin ci a gida. Kamfanonin kuza suka sami wannan al'ada a shirye, suka hau kanta. Ba sai sun ciyar da iyalin lebura ba, gona tana yi. Ba sai sun kula da shi in ya tsufa ko ya nakasa ba, ƙauye zai karɓe shi. Abin da suke biya bai wuce tsakanin sisi da nai a yini ba a yawancin shekarun, kuma a kan wannan araha aka gina ribar kuzar Nijeriya.

Ga yadda aikin yake. Kuzar Jos ba a cikin dutse mai zurfi take ba, tana kwance ne a tsofaffin hanyoyin ruwa da ƙasa ta binne. Kafin a kai gare ta sai an kwashe duk ƙasar da ke samanta, wani wuri tsayin mutum biyu, wani wuri ya fi tsayin rimi. Masu diga suna ƙasa suna sara, masu shebur suna lodi, sai dogon layin masu kwanon sarki suna hawa da jar ƙasa a ka, su zubar a bakin rami, su gangaro su sake ɗauka. Daga fitowar rana har ta karkata haka ake yi. Ba a biyan mutum don ya yini a wurin, sai ya cika abin da aka yanka masa, kuma heluma ne ke ƙirga. In heluma ya ce kwanonka bai cika ba, to bai cika ba. Matakalar da ake hawa a jikin ramin aka sassaƙa ta, da ruwa ya taɓa ta sai ta zama santsi, ga mutum a gabanka ga mutum a bayanka, kowa da nauyi a ka.

In an kai ga yashin da ke ɗauke da kuzar, sai aikin ruwa ya fara. Ana zuba yashin a dogayen kwatamai na katako, a sako ruwa, mutane su tsaya a ciki suna motsa shi da shebur don ƙasa ta tafi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta. Masu ƙwarya kuma suna bakin rafi a duƙe suna rairaya. Wanda bai san Jos ba zai ce ai aikin ruwa sauƙi ne. Tsaunin ya haura mita 1,200 a sama da teku, kuma lokacin da 'yan cin rani suke zuwa shi ne tsakiyar hunturu. Bakano ko Basakkwace da ya taso da taguwa ɗaya da ɗan bante, ya shiga ruwan nan da sassafe har gwiwa, iska tana kaɗawa, kafin mako biyu ƙafa ta tsattsage, ƙirji ya kama. Ciwon haƙarƙari ya kashe leburorin kuza fiye da yadda rami ya kashe su, sai dai shi ba ya yin ƙara, ba a taruwa a kansa.

Ramin ma ya ci nasa. Bangon da aka sara a tsaye, ba a tokare shi da komai ba, in ruwa ya jiƙa gindinsa sai ya zubo gaba ɗaya a kan na ƙasa. Akwai kuma loto, wato siririyar rijiya da ake haƙawa a bi jijiyar kuza ta ƙarƙashi, mutum ya shiga da rarrafe da 'yar fitila, a riƙa jawo ƙasa da guga. Masu wannan yawanci ba leburorin albashi ba ne, masu haƙa ne da kansu a filin kamfani, su sayar wa kamfanin a farashin da ya ga dama. Tsarin ya yi wa kamfani daɗi: in an samu, shi ke saye, in rami ya rufta, ba ma'aikacinsa ba ne.

Da yamma sai bariki. Garuruwan da muke ji yau, Bukuru da Barikin Ladi da Bisichi da Dorowa da Gindin Akwati, kuza ce ta tara su. Bukkokin ciyawa ne jere, mutum da yawa a ɗaki guda, babu masai na kirki, ruwan sha kuma shi ne wanda aka wanke kuza a samansa. Abinci saye ake yi, ga tsada, domin tsaunin ba ya noma abin da zai ciyar da dubban baƙi, sai an kawo hatsi daga Zariya da Kano da Bauchi. Lebura yakan ci tuwo bashi har ranar biya. Ranar biyan kuma ga mai tuwo, ga heluma da ya ranta masa, ga 'yan caca sun shimfiɗa tabarma, ga makaɗa. Masu kamfani ba su ƙi wannan ba, don wanda bashi ya ɗaure ba ya tafiya gida. Da yawa sun fito da niyyar wata uku, su sami kuɗin haraji da na lefe, suka shekara goma, kunya ta hana su komawa hannu wofi. A gida a ce wane ya shiga bariki, uwa ta yi ta sa ido a hanya duk farkon damina. Mu da muka gaji kallon ɗan bariki a matsayin lalatacce, ya kamata mu tuna cewa yawancinsu neman kuɗin da hukuma ta ɗora wa iyayensu ne ya fitar da su.

Mutanen tsaunin, Birom da maƙwabtansu, nasu ya zo iri biyu. An haƙe gonakinsu an bar musu ramuka da tsibin ƙasar da ba ta fid da komai, sa'an nan haraji ya tura su aiki a kan ƙasar tasu. Matansu da 'ya'yansu sun ɗauki kwanon sarki a kan ladan da bai kai na namiji ba. A Ingila tun 1842 majalisa ta hana sa mata da yara 'yan ƙasa da shekara goma aiki a ƙarƙashin ƙasa, bayan wani bincike ya nuna yadda ƙananan yara ke jan kwal da sarƙa a ƙugu cikin duhu. A 1875 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen tura yara cikin bututun hayaƙi su share. A 1888 'yan matan masana'antar ashana ta Bryant & May suka yi yajin aiki a Landan, su da sinadarin ashana ke ruɓar wa da muƙamuƙi. Masu hannun jarin kuzar Jos sun san wannan tarihi sarai, a garinsu aka yi shi. Da suka tsallako teku sai suka bar shi a can.

Injina sun zo daga baya. An kafa tashar lantarki a Kwall, sa'an nan a Kurra, aka kawo famfunan tsotsar yashi da manyan injinan kwasar ƙasa. Amma duk inda aka auna aka ga kan mutum ya fi inji araha, kan mutum aka ci gaba da amfani da shi. Da kasuwar duniya ta faɗi a 1929, ƙasashe masu kuza suka yi yarjejeniya a 1931 kowa ya rage haƙa, sai aka sallami fiye da rabin leburorin tsaunin, aka kuma rage wa sauran lada. Haraji bai ragu daidai da haka ba.

Mafi munin babin ya zo ne da Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Fabrairu na 1942 Japan ta kama Singafo, bayan ta mamaye Malaya, ta kuma ci tsibiran da yau ake kira Indunusiya. Can ne mafi yawan kuzar duniya take fitowa. Ingila ta rasa abin da take shafe gwangwanin abincin soja da shi, da abin like wayoyi da haɗa sassan injin. Abin da ya rage mata sai Bolibiya da Kwango da Nijeriya. Landan ta aiko wa Gwamna Bourdillon cewa a ƙara haƙa ko ta halin ƙaƙa. Kamfanoni, da babbansu ATMN a gaba, suka ce injina ba sa samuwa saboda yaƙi, a ba su mutane. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara lada har mutane su zo da kansu. Ba a bi ta ba. Aka yi dokar tilas.

Ingila ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin tilas don amfanin kamfanoni masu zaman kansu, amma an bar ƙofar yaƙi a buɗe, ta nan aka shiga. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa, ciki har da Zariya da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Barno da Binuwai, rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi kamar wata huɗu a musanya shi da wani. Mutane suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Mutumin Rogo ko Karaye ba ya buƙatar a ba shi labari daga nesa, don iyakar Zazzau da ta Katsina a bakin gonarsa suke, kasuwa ɗaya ake ci, aure ɗaya ake yi. Hanyar ɗiban ita ce dai ta zamanin diga: daga razdan zuwa sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci. Kuma kowa ya san wanda dagaci zai nuna in an ce ya kawo mutum biyar. Mai hali ya fanshi ɗansa, mai dangi a fada ya tsira, aka tafi da maraya da baƙo da wanda bai gama biyan haraji ba.

Waɗannan ba 'yan cin rani ba ne da suka san inda za su. Manoma ne aka ɗauke, wasunsu da damina tsaka, gona ta tsaya babu mai nome ta. Aka zuba su a taragu, aka sauke su a sansanonin da aka gina cikin gaggawa. Shekarun kuma na ƙarancin abinci ne, hatsin da aka tilasta wa ƙauyuka su sayar wa hukuma don ciyar da ma'aikatan kuza bai wadatar ba, ya kuma bar yunwa a inda aka ɗebo shi. Bargo bai isa ba, ɗaki yana yoyo, magani babu. Atini da ciwon haƙarƙari da sanƙarau suka shiga cikinsu. Aikin madatsar ruwa ta Tenti, wadda aka gina don ƙara wa ma'adinan lantarki, yana cikin wuraren da aka fi jin jiki. Ɗaruruwa sun mutu a sansanonin, ban da waɗanda aka sallama da ciwo suka ƙarasa a hanya ko a gida, waɗanda ba su shiga lissafin kowa ba. Dubbai kuma suka gudu, suka bi daji da ƙafa, sun san in an kama su akwai hukunci, amma suka zaɓi hakan.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. A 1943, shekarar da haƙar ta kai ƙololuwa, an fitar da tan dubu 17 da 'yan ɗari, ƙarin da bai kai ko kusa da yawan mutanen da aka ƙara ba. Mai yunwa da ciwo, wanda bai taɓa riƙe diga a rami ba, kuma zuciyarsa tana gona, me zai haƙa? An ta da maganar a majalisar dokokin Ingila, wasu jami'an mulkin ma sun nuna rashin amfanin tsarin, har aka soke shi a 1944, zamanin Gwamna Richards. Kamfanoni sun sami ribarsu, don gwamnati ce ke sayen duk abin da suka haƙa. Sojojin da suka je Bama an san da su, suna da lamba da kaki da tarihi. Waɗanda suka yi yaƙin da kwanon sarki ba a kafa musu ko dutse ɗaya ba. Kuma ba zan ɗora laifin duka a kan Bature ba: da hannun sarakunanmu da hakimanmu aka yi ɗiban, kuma wannan yana cikin abin da ya cika zukatan talakawa har suka saurari jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950.

A Kudu ma ma'aikatan rami sun biya da jini. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, a mahaƙar kwal ta Iva Valley a Inugu, 'yan sanda ƙarƙashin wani jami'i Bature suka buɗe wuta a kan masu haƙar da ke neman haƙƙinsu, suka kashe 21, suka raunata 51. Kwal ɗin da suke haƙa shi ne ke tafiyar da jirgin da ke ɗaukar kuzar Jos da gyaɗar Kano. Kisan Inugu ya ta da ƙasa gaba ɗaya, an kafa kwamitin bincike, har yau ana tunawa da ranar. Mutanen ɗiban gwamna sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma a warwatse suka mutu, ɗaya-ɗaya, cikin bukka, ba ƙungiya, ba jarida.

Dalar gyaɗa ta Kano, wadda muke alfahari da hotonta, ita ma a wuyan mutum ta tashi. Kowane buhu ya kusa kilo 80, wato ya fi yawancin masu ɗaukarsa nauyi, kuma haka ɗan dako zai saɓa shi ya taka buhunan da aka riga aka jera har ya kai ƙoli, ga rana, ga ƙura. Ana kiran sunan Alhassan Ɗantata da kamfanonin Turawa in ana zancen dalar, kuma sun cancanci a kira su, amma a hoton nan duk wanda ka gani a jikin dalar lebura ne.

Kuza ta sake yin tashe a shekarun 1950, lokacin da Amurka ta riƙa sayen wani ma'adini da ke fita tare da ita, kwalambait, don injinan jiragen sama, har aka koma ana tone tsofaffin tsibin ƙasar da aka zubar. Bayan samun 'yanci aka kafa masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos. Daga nan sai gangara: mai sauƙin haƙa ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, kamfanonin waje suka tattara, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a watan Oktoba na 1985. Abin da aka bar wa tsaunin shi ne ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da gefe a tsaye, waɗanda har gobe suna cin yara da dabbobi, da tarin yashin da masana suka tabbatar yana fitar da tururin da ke cutar da jiki, ga mutane suna ɗiba suna gini da shi. Jikokin leburorin da ba su koma gida ba su ne da yawa daga Hausawan Bukuru da Barikin Ladi, kuma rigimar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, wadda ta ci rayuka a Jos tun 2001, tana da saiwa a waɗannan barikoki.

Masana'antun da suka zo Kano da Kaduna daga baya sun zo da nasu nau'in wahalar. A masaƙun Kakuri ƙurar auduga ce ta riƙa cika huhu, ƙarar injin kuma ta cinye ji a hankali. A majemun zamani na Bompai da Sharaɗa da Challawa, ma'aikaci yana tsoma hannu cikin ruwan sinadarai masu cin fata, wari kuma ya bi shi har gida. Ruwan da ya taso daga madatsar da ke ƙasar Karaye yana gangarawa ne ya wuce ta wajen Panshekara, inda dattin majemun ke shiga kogin, masu noman rani na ƙasa su yi ban-ruwa da shi.

Ramin kuwa bai rufe ba, wuri ya sauya. Da farashin zinariya ya hau, ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara suka koma haƙa da diga da guduma da turmi. Dutsen da ke ɗauke da zinariyar yana ɗauke da dalma mai yawa. Maza su haƙo, a kawo gida, mata su daka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, wasu su kai injin niƙan hatsi. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yara suna suma suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare, aka auna jini aka ga gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Maganin ba ya aiki sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa, in ba haka ba yaro zai koma ya sake shaƙa. Bagega, wadda ta fi kowane ƙauye yawan jama'a a cikinsu, sai a 2013 aka saki kuɗin kankare tata ƙasar, bayan an yi ta kiraye-kiraye. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu.

A shekarar 2010 ɗin nan ce Nijeriya ta yi sabuwar dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. Dokar tana aiki ne ta hanyar mai ɗaukar aiki da ya yi rajista yake zuba kuɗi a asusu. Saurayin da ya bar ƙauyensu bayan girbi ya tafi ramin zinariya a Zamfara ko Neja, ko loton kuza a Barikin Ladi, ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da albashi. Wani ne ya ba shi kuɗin abinci da diga, da sharaɗin in an samu shi zai saya, a farashin da ya yanka.